Ɗakin Mai Riƙe da Makullai

A gidanmu na unguwar Mardjandafak, wanda ke riƙe da makullai shi ke kwana a ɗakin bakin zaure. Haka aka taras tun zamanin kakan mijina, wanda ya taso da niyyar Makka, tafiya ta tsaya masa a nan, ya koma saukar da fatake. Kowa a dangi ya san wannan, ni ma na sani. Da aka kawo ni, makullan suna hannun maigida, amma shi kullum yana Ngueli, bakin iyaka, da babur yana ƙetarar da kaya zuwa Kousseri, sai suka dawo bakin zanena. Gidan kuwa na baffansa ne, wanda tsufa ya kama ya koma unguwar Gardolé wajen 'ya'yansa, ya bar mu da 'yan haya.

Ba ma biyan haya, aikin gidan ne hayarmu. Famfo ya ƙafe, a kira ni. Wuta ta ɗauke, a buga min ƙofa kamar a ɗakina na ɓoye ta. Mata su kaure da faɗa a kan igiyar shanya, ni ce mai rabo, kuma ni za a haɗu a zaga. Da damina in cika buhunan yashi in jera a ƙofar gida da goyo a bayana. Akwai wata mai sayar da turare a ɗakin ƙurya, ita ta sa min suna Hajiya Makulli, in na gifta sai ta kaɗa cokula a kwano, a kwashe da dariya.

Duk na jure, sai ranar da aka zo zuƙar masai. An ɗage murfin ramin, ina zaure ina fama da direban motar da ya ce tiyonsa ba ya kaiwa. Na juyo, na ga 'yata, da ta fara rarrafe a lokacin, ta dafa bakin ramin tana leƙawa tana dariya. Mata suna tsakar gida, kowacce da aikin hannunta, ba wadda ta ɗaga kai. Na ruga, ta ƙafa na fizgo ta. Daga ranar ko murfin tukunya aka ɗaga sai gabana ya faɗi.

Ban jira maigida ya dawo ba. Na taɓa ji a kasuwa cewa akwai ofis da ake kira ajans, su riƙe wa mutum gida, su karɓi haya, su yi gyara. Na hau tasi zuwa Gardolé, na durƙusa gaban Baffa na faɗa masa komai. A zuciyata taimako nake nema, wani ya ɗauke min masai da faɗan mata.

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Kin gaji ke nan, 'yata?"

"Na gaji, Baffa."

"Da bakinki kika faɗa?"

"Da bakina."

"To, Allah ya hutar da ke."

Na ce amin. Har godiya na yi masa, na sake durƙusawa a bakin ƙofa.

Mutumin ajans ya zo da farar riga da takalmi mai sheƙi, yana tsallake kwata kamar za ta cije shi. Ya gaishe ni da Larabci, na amsa, ya ce, "Madam, makullai." Na kwance su daga zanena na ba shi, sai na ji ƙuguna sakayau. Ya bi ɗakuna da gwangwanin jan fenti yana rubuta lamba a kan kowace ƙofa. Da ya gama da na ƙurya ya dawo zaure, ya tsaya a tawa ƙofar, ya tsoma burushi.

"Wannan namu ne," na ce. "Mu 'yan gida ne."

"Mai gidan ya ce ɗakin na mai makullai ne. Yanzu a hannun wa suke?" Ya kaɗa su a gabana. "Riƙe min nan, Madam."

Bakin igiyar awo ya miƙo min. Na riƙe masa a jikin bangon da gadona yake, ya ja zuwa taga, yana cewa ɗaki mai kallon titi kusa da kasuwa ba a barin sa ga barci. Mai turare tana bakin zaure, ta ce, "Hajiya Makulli, riƙe da kyau mana, kar awo ya karkace."

Da maigida ya dawo ya ga jar lambar, bai zage ni ba. Ya zauna bakin gado da ƙurar hanya a fuskarsa ya ce, "Me ya kai ki?" Washegari ya tafi Gardolé. Baffa ya ce masa shi bai kori kowa ba, yarinya ce ta zo da ƙafarta ta ajiye amana, kuma ya riga ya ba mutane magana. In muna son ɗakin mu je ofis mu tambayi haya kamar kowa. Ya je ya tambaya, ya dawo bai faɗa min abin da suka ce ba.

Kafin mu tashi, mutumin ajans ya riƙa kawo masu duba ɗaki ba sallama. Wata rana ina shayarwa ya shigo da wani ɗan kasuwa, na ja mayafi, shi kuwa ɗan kasuwar yana ƙwanƙwasa bango a saman kaina yana tambayar ko yana jan danshi. "Tambayi Madam," in ji mutumin ajans. "Ta san gidan."

Yanzu muna wani ɗaki can wajen Ngueli, a gangare. Da damina ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai in ɗora 'yata a kan gado in ɗaure ƙafarta da zane a jikin ƙarfe don kar ta sauko. Masan gidan ba shi da murfi, kuma ba ni da bakin magana a kansa.

Kwanaki na bi ta Mardjandafak sayen gishiri. An toshe tagar ɗakina da bulo, ta ƙofa na hango kwalayen kaya a ciki har rufi. Mai turare ta hango ni daga zaure ta ɗaga murya: "Ke, famfonmu ya ƙafe tun shekaranjiya, mutumin nan ba ya ɗaukar waya. Ina ake buɗe ruwan ne?"

Na nuna mata da hannu daga titi. Ta juya ta shige.