Jari-hujja a Karar Gidigir

Shekara talatin na yi ina aikin lafiyar dabbobi, amma ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka tara makiyaya a kasuwar Gidigir don mu gaya musu wanda ya lalata duniya. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku ba ni kunnuwanku.

A shekarar 1994 ne, watanni kaɗan bayan an karya darajar kuɗinmu na sefa. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani furoje a Gure, wato irin aikin nan da Turawa ke ba da kuɗinsa na 'yan shekaru. Aikina allurar rigakafi. Duk shekara mukan bi rijiyoyi da kasuwanni muna yi wa shanu allurar ciwon huhu, cutar da in ta shiga garke sai ta ga bayansa. Maganin a firiji mai aiki da kananzir ake ajiye shi. In ya sha zafi, sunansa ruwa. Kuma tun da aka fara aikin, kyauta ake yi.

Shugabanmu Mushe Habu ne, “mushe” ɗin nan na Faransanci da ake kiran manyan ma'aikata da shi. Mutum ne mai ilimi, ya yi karatu a wata ƙasa ta 'yan gurguzu, ya dawo da gemu da kalma ɗaya: kapitalisim, wato jari-hujja. Mota ta lalace, kapitalisim. Albashi ya makara, kapitalisim. Ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, shi ne dai. Ranar da akuya ta shiga buro, wato ofishinmu, ta cinye masa rabin takarda, duk muka zuba masa ido muna jira, sai dai a wannan karon ya bar akuyar da laifinta.

Sai ga wasiƙa daga masu ba da kuɗi. Suka ce magani ya ninka tsada, don haka daga yanzu kowane makiyayi zai biya kuɗin allurar shanunsa. Suka ƙara da cewa a sakar wa kasuwa mara, duk mai son sayar da maganin dabbobi ya sayar. Mushe Habu ya karanta, ya bugi tebur, ya ce da kansa zai je ya buɗe wa talakawa ido.

Motar furoje ba mai. Ya aike ni wurin Alhaji Lawali, wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram da ke da shago a kasuwar Gure, na sayo jarka biyu ta ruwa-ruwa, wato man da ake shigowa da shi ta daji daga Najeriya, ba duwan, wato kuɗin kwastan, ba takarda. Ina zubawa na ce, “Mushe, wannan man fa, ba shi ne abin da za mu je zagi ba?”

Ya ce, “Zuba kawai, Sani. Kai ba ka gane siyasa ba.”

Muka tara mutane a gindin gawo, gefen kara, inda ake cinikin shanu. Mushe Habu Bahaushe ne gaba da baya, amma da Faransanci ya yi jawabi, don a cewarsa babbar magana ba ta zama da Hausa. Ni ne tafinta. Ya ce manyan ƙasashe sun ƙulla makirci, sun karya mana kuɗi, sun buɗe iyakoki don su tsotse jinin talaka. Yunwa, fari, yaƙi, duk daga jari-hujja suke. Da aka nemi in bayyana mene ne jari-hujja, na ce tsari ne da mai kuɗi ke da ta cewa. Wani daga baya ya ce, “To, da can wa ke da ita?”

A nan ne Baba Ari ya ɗaga sandarsa. Dattijo ne Babarbare, mai garke babba a wani kwari arewa da garin, kuma in ya yi magana ana saurare.

“Ɗana, tambayar mini shugabanka. Wannan jari-hujja, shi ne ya turo Alhazan Najeriya da suka cika karar nan?”

Na juya maganar. Mushe ya ce shi ne, ƙwarai kuwa.

“Bijimin da bara na kawo kasuwa uku ba wanda ya taya, yau mutum uku suka kusa dambe a kansa. A gaya wa jari-hujja ya riƙa zuwa kowace kasuwa. In ba shi da masauki, gidana na nan.”

Wuri ya kaure da dariya. Mushe Habu ya manta da Faransanci, ya ce, “Baba, yau yana yi muku murmushi, gobe zai cinye ku!”

Baba Ari ya dube ni. “Ashe yana jin Hausa.”

Ranar mutum kaɗan ne suka biya aka yi wa shanunsu allura. Dalili kuwa, a bakin kara wani baƙo ya shimfiɗa tabarma, ya jera kwalabe masu hoton ƙosasshen sa, yana cewa maganin huhu ne, da hanta, da tsutsa, a kan kuɗin da bai kai rubu'in namu ba. Baba Ari kwali guda ya saya. Ba mu da ikon hana baƙon, wasiƙa ta riga ta ce a sakar wa kasuwa mara.

Bayan mako shida babban ɗan Baba Ari ya iso buro a kan raƙumi, ya ce shanu na tari. Muka tafi ni da Mushe. Mun tarar tara sun riga sun mutu. Wasu na tsaye sun miƙe wuya, sun buɗe ƙafafun gaba, suna nishi. Duk wanda ya san ciwon huhu ba ya bukatar a gaya masa. Na ce a kawo mini kwalbar. Na buɗe, na sansana, na ɗan lasa. Man gyaɗa ne aka sa wa launi.

Na ɗauka Mushe Habu zai yi jawabin da ya fi na Gidigir, tun da ga gaskiyarsa kwance a ƙasa, ungulu na shawagi a kanta. Ya buɗe baki, ya dubi tsohon, sai ya tsuguna ya ce, “Allah ya mayar da alheri, Baba.” Wannan na shaide shi da shi har gobe.

Baba Ari ya ce, “Amin. Abin da ka faɗa ya zo, ban musa ba. To ku da ba 'yan kasuwa ba ne, ku yi wa sauran naku na gaskiya. Ko nawa ne zan biya.”

Ni da Mushe muka dubi juna. Kwana tara ke nan firijinmu a kashe. Takardar neman kuɗin kananzir tana Yamai tana jiran sa hannu, kuma dokar furoje ta hana a sayi ko lita ɗaya kafin ta dawo. Maganinmu duka ya tashi aiki.

Alhaji Lawali ne ya fid da mu. Motarsa na zuwa Damagaram ɗaukar kaya, ya sa direbansa ya sayo maganin gaskiya, a cikin kula cike da ƙanƙara, kwana biyu ya iso. Da ya faɗi kuɗinsa, Mushe ya ce wannan ai fashi ne da rana tsaka.

Alhaji ko gezau. Ya ce, “Mushe, naku da araha, amma babu. Nawa da tsada, amma ga shi. Ka zaɓa.”

Baba Ari ya sayar da bijimai biyu ga Alhazan nan na Najeriya, ya biya. Muka ware masu ciwo, muka yi wa masu lafiya allura, har da na maƙwabta. Fiye da rabin garken ya tsira.

Saura rahoto, don a aikinmu saniya ba ta gama mutuwa sai an rubuta. Mushe ya ce in sa a wurin dalili: “Sakamakon tsarin jari-hujja na duniya.” Na ce, “Maganar kananzir fa?” Ya ce, “Kananzir ɗin ma shi ne.” Haka na rubuta. Bayan wata biyu amsa ta zo daga masu ba da kuɗi. Suka yaba da rahoton matuƙa. Suka ce tun da ɗan kasuwa ne ya ceci garken, wannan ya tabbatar da cewa a ƙara buɗe kasuwa. Matattun shanun nan dai, kowane ɓangare ya yi hujja da su, kuma ba wanda ya aiko da ko ɗan maraƙi.

Da furoje ya ƙare bayan shekara biyu, Mushe Habu ya buɗe shagon maganin dabbobi a kasuwar Gure. Maganinsa na gaskiya ne, firijinsa bai taɓa mutuwa ba, kuma ko sisi ba ya ragi. Na je yi masa murna, na ce, “Mushe, yau kai ne da teburin ciniki?” Ya shafa gemu ya ce, “Daga ciki nake yaƙarsa, Sani.”

Har na ajiye aiki ban iya cewa ga mai laifi ba. Hanyar da ta kawo wa Baba Ari masu saye, ita ta kawo masa man gyaɗa, ita kuma ta kawo ƙanƙarar. Mu da muke zagin hanyar, magani ya ruɓe a hannunmu muna jiran sa hannu. Abin da na koya shi ne, babban suna ba ya gajiya da ɗaukar laifi, shi ya sa kowa ke son sa, mu ma'aikata mun fi kowa. Don haka in an kira ku taron neman wanda ya ɓata duniya, ku je, ku yi tafi in ta kama. Amma makiyayin da ya tare ku a bakin rijiya ba duniya ya kawo muku ba. Saniya ce tana tari.