Gaban Motar da Na Ba da Aro

Shekarun baya, lokacin ina zaman rumfar gyaran rediyo da tocila a Ikara, wata cuta ta shigo mana gari: tseren motocin rimot. Kuma ba yara ba, mu ne ƙarti, wasu har da gemu. Wani ne ya fara kawo gwanjonsu daga Zariya, kafin ka ce kwabo duk Juma'a bayan la'asar mun cika filin da ake shanyar barkono, kowa riƙe da rimot yana ihu kamar ya saki doki.

Matsalar motocin guda ce. Don daɓen siminti aka ƙera su, gabansu a sandare yake kamar muciya. Da taya ta taka tsakuwa ko sawun shanu sai gaban ya yi tsalle, mota ta wuntsila ta bar ƙafafu a sama. Kowa gani yake ƙarfi ne ya yi kaɗan, sai a ƙara batir, a sa babban inji, wuntsilawar ma ta ƙara kyau. Ni kuwa wata rana na kwanta rub da ciki a filin, ana ta yi mini dariya, na zuba wa tayoyin gaba ido. Nan na gane abin: rabin gudun a iska suke yin sa, tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta jin sitiyari.

Rani guda na kwashe a kan gaban motar nan. Na gasa farin bututun ruwa a wuta na miƙar da shi, na yanka hannuwa biyu biyu don kowace taya ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai. Sifirin biro na fara sa wa, motar ta durƙusa kamar akuyar da za a yanka. Na koma naɗa nawa da siririyar wayar ƙarfe a jikin ƙusa. Wannan ya ɗauke ta, amma sai ta koma rawa, in ta taka rami ta yi ta lilo har sai ta bar hanya. Ashe sifirin shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai da abin da zai shanye tsallen, wato shokazoba irin ta babur. Na samo ƙananan sirinji guda biyu, na huda robar cikinsu da allura mai zafi, na ɗura musu mai. Man gyaɗar mahaifiyata na fara sata. Da rana ya yi aiki, da sanyin safiya ya daskare, ga tururuwa ta yi wa motar dandazo.

"Man miyata kake shayar da mota?" in ji ta. "To yau sai ita ta tuƙa maka tuwo."

A ƙarshe na tsaya a kan rabi man keken ɗinki, rabi man inji, huda biyu a kowace roba. Sandar da taya ke juyawa a kanta na kwantar da ita baya kaɗan kamar ta gaban keke, don in an fito daga kwana motar ta miƙe da kanta. Saman tayoyin kuma na ɗan karkato su ciki. Ranar da na danna gaban da yatsa ya nutse, na saki ya taso a hankali ba tsalle, wallahi sai da na ji ƙwalla. A rayuwata ban taɓa yin wani abu da ya fito daga kaina ni kaɗai ba sai shi.

Ina da aboki, ya girme ni da shekara biyu, tare muka taso. Gwanin tuƙi ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, ga bakin da zai sayar maka da ruwa a bakin rafi. A lokacin ina neman ƙanwarsa, har manya sun shiga maganar. Da aka sa babban tsere a Makarfi ranar kasuwa, 'yan Kudan da 'yan Gazara duk za su zo, sai ya same ni a rumfa.

"Mutumina, gaban nan naka za ka ɗaura wa motata. Kai ka san hannunka rawa yake in mutane suka taru. Kar 'yan Kudan su raina Ikara."

Gaban nan guda ɗaya tal nake da shi. Amma da wane baki zan hana yayan yarinyar da nake nema? Na kwance da hannuna, na ɗaura masa, na daidaita shi da nauyin motarsa. Tawa na bar ta a gida ba ƙafafu.

Filin Makarfi kuwa duk sawun amalanke ne da na motocin rake. Motocin mutane suka yi ta tsalle suna kifewa, tasa tana bin ramukan kamar ruwa. Ya ci tseren da tazarar da ba gardama. Ni na fi kowa ihu, don a raina ba shi ake yi wa tafi ba.

Mahaifin abokin nawa ya ci kasuwa ranar, ya tsaya kallo tare da wani amininsa, injiniya, ɗan yankinmu da ke da wurin ƙera injinan sussuka a Kaduna. Muka je muka durƙusa muka gaishe su. Injiniyan ya karɓi motar, bai ko dubi injinta ba. Ya danna gaban, ya saki. Ya sake dannawa. Ya juya ta yana duba sirinjin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ai ga shi nan, yaron wajena ne," in ji dattijon, yana nuna ɗansa, fuskarsa cike da murna. Shi iyakar abin da ya sani ke nan, motar ɗansa ce.

Na jira abokina ya gyara maganar. Sai na ji ya ce, "'Yar dabara ce kawai, ranka ya daɗe."

Ina durƙushe, idona a kan takalmin mutumin da nake neman 'yarsa. A wurinmu ko haɗa ido ba ka yi da suruki, balle ka buɗe baki a bainar jama'a ka ce ɗansa ya yi ƙarya. Na ƙara sunkuyar da kai.

"Wane mai ka zuba a ciki?" in ji injiniyan.

Abokina ko gezau bai yi ba. Ya waigo ya dube ni. "Kai, wane mai ma muka zuba?"

Ni kuma, don Allah ku ji wauta, na faɗa. Rabi da rabi, huda biyu. Har da bayanin dalili, murya ƙasa ƙasa.

"Wannan fa?" Injiniyan ya nuna ni da haɓa.

"Yana taya ni ne, ranka ya daɗe."

A nan take injiniyan ya ce dama yana neman matashi mai irin wannan kan, in dattijon ya yarda bayan sallah a turo masa abokin nawa Kaduna. Aka yi ta sa albarka. Ni ma na ce amin.

A hanyar komawa ni na goya shi a babur. Da muka fita gari na tsaya a gefen wata gonar rake na ce masa me ke nan ya yi mini.

"To so kake in ƙaryata Baba a gaban amininsa? Kai ma ai kana wurin, me ya hana ka magana? Bari in samu shiga, zan jawo ka."

Na kai wa mahaifiyata ƙara. Ta ce, "A kan motar wasa za ka ɓata aure? Ka bar wa Allah." Na bar wa Allah. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bai jawo ni ba, bai kuma dawo mini da gaban ba. Ya je ya koyi aiki, ya iya ƙwarai, yau yana da wurin kansa da ma'aikata. Ni na auri ƙanwarsa, kuma ban yi nadamar wannan ba. Na tashi daga gyaran rediyo na koma gyaran waya, a rumfar dai da nake. Tseren ma ya mutu da kansa, samari sun koma wasa a waya.

Mutane kan ce rabo ne, na kuma yarda. Da ni aka kai Kaduna wataƙila ko wata uku ba zan yi ba. Amma ba aikin ne ke cina ba. Abin da ke cina shi ne ba ƙwace aka yi mini ba, da bakina na miƙa, ina sunkuye ina ladabi. An koya mana yabon kai jahilci ne, ba wanda ya koya mana abin da za mu yi in wani ya sa rigarmu a gabanmu. Har yau in ya zo sallah ni nake fara miƙa masa hannu biyu, kuma har yau da zafi.

Kwanakin baya wata baƙuwar matata ta kawo fankar caji da ta gagari masu gyara. Na gyara ta kafin su gama cin abinci. Baƙuwar ta ce kai, maigidan nan naki akwai basira. Matata ta yi murmushi, da alfaharinta, ba da wata manufa ba.

"Ai wurin Yaya ya koya, tun suna samari. Ko ba haka ba, Malam?"

Su biyun suka zuba mini ido suna jira.

Na ce haka ne.