Usur ɗin Tsohon Koci

Na zo Bronx ne rainon jikoki. Da suka shiga makaranta zama ya ishe ni, sai ɗiyata ta samo mini aikin kula da wani tsohon Bature. Kullum da safe in hau jirgin ƙasa mai lamba D daga titin Grand Concourse.

Tsohon nan ya haura tamanin. Wai a zamanin samartakarsa shi ne gwanin ƙwallon jami'arsu, ƙwallon nan mai kama da gwanda da ƙarti ke runguma suna karo kamar raguna. Da gwiwoyinsa suka mutu ya zama koci, yana koya wa 'ya'yan mutane yadda za su kashe nasu. Abin da ya tara ke nan: hular fata mai wari, hotuna, da usur a wuya.

Da usur ɗin yake kirana. Shayi, fiit. Bayan gida, fiit. Ni da na aurar da 'ya'ya, na yi wa gawa wanka a zangon Kumasi.

Na gaya wa ɗiyata. Ta ce, "Mma, ki yi haƙuri, kada a kore ki."

Na ce, "Je ki faɗa masa da Turancinki, Hajiya ake ce mini."

Ta faɗa masa. Ya yi dariya, ya hura.

Ran nan tsofaffin 'yan wasansa suka zo gaisuwa, su huɗu, kowa da tumbi, kowa na ɗingishi. Ya so ya nuna musu har yanzu ana jin tsoronsa, sai ya hura. Wallahi ƙartin nan masu furfura suka miƙe zumbur, kofin ɗaya har ya faɗi.

Ni ina kujera da carbina. Ya hura, ina ja. Ya sake hurawa, fuskarsa ta yi ja kamar tattasai, ina ja. Na san bayan gida yake so, na kuma san ko in tashi ko in rasa aikin. Jaruman nasa kuwa ba wanda ya iya ɗaga shi. Sai kallon silin suke.

Can ya sauke usur a ƙirji.

"Ha-ji-ya."

Na ajiye carbi, na tura shi a kekensa na guragu. Da muka dawo na cire abin daga wuyansa na rataye kusa da hular mai wari. Har ya mutu a hannuna bai tambaye shi ba.