Kwantaccen Ciki a Sahun Gaba

Na dawo Damargu bayan babban fari, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa. Na yi shekaru a waje, daga Agadas zuwa Tamanrasat, daga baya Umdurman da Jidda, ina sayar da turare da zannuwa, ina tsintar harsunan mutane a hanya. Na sauka ƙauyenmu, can gefen Falanko, da kaka, ana ɗaurin gero. Wadda ta fara fitowa tarbata ita ce ƙanwata, autarmu. Na ga cikinta kafin na ga fuskarta.

Mijinta ya rasu tun cikin farin. Ta yi takaba ta fita, ba ta sake aure ba, har ta aurar da babbar 'yarta. Amma ga ciki ya yo gaba kamar tulu, hannuwa kuwa sun koma kara.

Na ce, "Auta, wannan fa?"

Ta ce, "Yo me kika gani, Yaya? Sun ce na marigayi ne. Ya kwanta, yanzu ya tashi."

"Su wa suka ce?"

"Kowa ma. Zauna ki sha ruwa tukuna, ko takalmi ba ki cire ba."

A wajenmu an yarda ciki na iya kwantawa shekaru, sa'an nan ya farka a haife shi. Na ji irin wannan a bakin Larabawan Tamanrasat, don haka ba mu kaɗai ba ne. Maganar ta rufa wa mata da yawa asiri, ta ba 'ya'ya da yawa uba, ba da ita nake faɗa ba. Sai dai a Umdurman na zauna gidan haya na wata dattijuwa da cikinta ya yi haka. Loma biyu ta ƙoshi, ta rame ko'ina ban da tsakiya. Ni na raka ta asibiti, na ga an zuƙo mata ruwa rawaya cikin kwalba, na ji likita yana gaya wa 'ya'yanta da Larabci cewa ciwon daji ne a inda ƙwan haihuwar mace yake, kuma da an zo da wuri da an gwada aiki. Da na ga ƙanwata ta ture kwanon tuwo bayan loma biyu, sai abincin ya fita raina ni ma. Ban san ko shi ne ba. Abin da nake so kawai wanda ya san aikin ya duba ta tun da sauran lokaci.

Tun rasuwar mijin, wansa ne ke da magana a kanta da 'ya'yanta. Marigayin 'ya'ya mata kaɗai ya bari, saboda haka wan ya riga ya yanke cewa magaji ne ke kwance a ciki. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran akalar raƙumi, na ce ina so in kai ta asibitin Damagaram.

Ya ce, "Hajiya, kin daɗe a ƙasar mutane. A Damagaram farke mata suke yi. Ɗan ƙanena ne a ciki, namiji ne, na gani a mafarki."

Na ce, "Alhaji, namijin da shekara da shekaru ko motsi bai yi ba?"

Ya ce, "Kunya gare shi. Irin gidanmu ne."

Na ja ta zuwa ƙaramar likitar da ke kusa da mu, wato ɗan asibitin ƙauye, da sunan karɓo maganin ciwon kai. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya danna cikin, ya kara kunne. Ya ce bai ji bugun komai ba, amma ba shi da abin dubawa, motar likitar kuwa ta daɗe a kan duwatsu, kaji ke ƙwai a cikinta. Sai ya ba ni labarin da ya ji a rediyo: gwamnati ta ware kuɗi don binciken cututtukan cikin mata da wayar da kansu, kuma tawaga za ta zagayo ƙauyuka, da likita mace da motoci. Ya ce in aka yi sa'a likitar ta ga ƙanwata, kalma ɗaya daga bakinta ta isa a ɗauke ta, Alhaji kuma ba zai yi wa baƙin gwamnati musu ba. Ni da na ga gwamnatin sarki da ta soja da ta masu ƙuri'a, na san nauyin maganar rediyo. Amma na riƙe ta, don ba ni da wata.

Wayar da kan ta fara ne da duwatsu. Aka jera su gefen hanya aka shafa musu farar ƙasa. Aka koya wa 'yan mata waƙar maraba. Alhaji yana cikin masu shirya tarba, shi aka ɗora wa tara raguna da cuku daga makiyayan wajen Belbeji, mutanen da fari bai bar musu ko rabin garke ba. Umurni ya zo cewa a sa masu ciki a sahun gaba, don baƙi su ga ƙasar tana hayayyafa. Aka duba gari, ba wadda cikinta ya kai na ƙanwata. Alhaji ya kawo mata sabon zane da kansa, yana murmushi kamar shi aka yi wa naɗi. Ban hana ba. Na ce a raina, sahun gaba dai shi ne gaban idon likita.

Tun hantsi aka zaunar da mata a fili. Baƙi ba su iso ba sai bayan la'asar. Ƙanwata tana nishi a hankali, tana jingine da kafaɗata, tana ce mini, "Yaya, in na san haka gwamnati ke duba mara lafiya, da na zo da matashi."

Shugaban tawagar ya hau kan tebur ya yi jawabi da Faransanci, ina jin abin da yake faɗa. Ya ce an ware kuɗi masu yawa. Ya ce za a gina cibiyar bincike a babban birni, za a tura masana taro ƙasashen waje, za a buga hotuna a rarraba. Ya ambaci ciwon dajin ƙwan mace da sunansa, ya ce yana kashe mata a ɓoye, sa'an nan ya dakata a tafa masa, aka tafa. Tafinta ya juyo ya ce da mu gwamnati tana gaishe da mata, su riƙa wanke hannu, su riƙa zuwa awo. Aka rangaɗa guɗa. A Jidda na ga masu mulki suna ba da abu don a yabe su, to amma suna bayarwa. A Sudan na ga waɗanda ba su ba da komai, ba su kuma ɗauke ka daga gonarka don ka tafa musu. Namu suka haɗa biyun ta mummunan gefe.

Sai wata madam ta sauko, zobba a kowane yatsa, tana riƙe da lema. Ta nufo ƙanwata kai tsaye, ta dafa cikin da yatsu biyu kamar mai taɓa kankana a kasuwa, ta tambaya da Hausar birni, "Wata nawa, mama?"

Alhaji ya yi wuf ya amsa, "Ranki ya daɗe, ba a ƙirga shi da wata. Kwantawa ya yi, yanzu ya tashi."

Baƙi suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce wa na kusa da shi, da Faransanci, mutanen daji ke nan. Na miƙe na ce da madam, da harshen da suke tsammani ba mai ji a wurin, "Wannan ba ciki ba ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ciwon da shugabanku ya ambata yanzu, shi nake tsoro. Ki duba ta, ko ku tafi da ita Damagaram."

Ta janye yatsunta, ta goge su da gefen mayafi. Ta ce ita ba likita ba ce, matar wani babba ce, likitar ta tafi taro ƙasar waje a kan wannan ciwon. Ta ce za a duba maganar. Mai ɗaukar hoto ya ce a ɗan gusa da ni gefe, ina tare haske. Ya ce ƙanwata ta yi murmushi, ta kuwa yi, don ita mace ce mai ladabi. Kafin magariba motoci suka tashi. Na leƙa motar da ke baya, ko da ɗan wurin zaman mutum. Raguna ne a ɗaure, da buhunan cuku.

Washegari ƙanwata da kanta ta je wurin Alhaji, ina biye. Ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Baban yara, na haifa maka 'ya'yan ƙanenka, na san yadda ɗa ke juyi. Wannan bai taɓa juyi ba. Na yi shiru ne don na ga kana murna. Jiya na zauna maka a rana, ka fita kunyar baƙinka. Yau ka bar ni in bi Yaya." Bai hana ta ba. Ya juya yana duban raƙuminsa.

Ran kasuwar Tanut muka hau babbar motar gero, tana kwance kan buhuna, kanta a cinyata. A Damagaram aka karɓe mu da mutunci. Likitan ya zuƙo ruwan, rawaya kamar wancan na Umdurman. Ya kira ni gefe ya ce abin ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, in mai da ita cikin 'ya'yanta. Na tambaye shi kuɗin binciken da aka faɗa. Ya ce shi ma a rediyo ya ji. Ta rasu kafin ruwan shuka. Alhaji, har ya bar duniya, cewa yake allurar Damagaram ce ta kashe masa ɗa.

Bayan damina hotunan suka iso, su kaɗai ne abin da ya iso. Majo ya manna ɗaya a bangon likita. Ga ƙanwata cikin sabon zane, tana murmushi, hannun madam a kan cikinta. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa ga uwa mai lafiya, mai zuwa awo, albarkar kulawar gwamnati. Na sa hannu zan yage shi, babbar 'yarta ta riƙe ni. Ta ce, "Inna, bari. Ba mu da wani hotonta."

Gaskiya ta faɗa, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba sai ranar. Na roƙi majo, ya kau da kai, na ɓanɓare shi a hankali. A gida na sa reza na yanke rubutun na jefa a murhu. Hannun madam ne ya ƙi fita, don yana tsakiyar cikin. Yana nan har yau a ɗakin 'yar tata, da zobbansa duka.