Garken da Ba a Gani

Ƙanina, wanda muke kira Dogo, manomi ne tun tasowarsa. Gonarsa tana bayan gida, bututun ɗanyen mai ya bi ta gefenta. Shekarar da bututun ya fashe, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ta ƙi fitowa. Babban ɗansa ya ce in damina ta wuce ba tsiro, zai kwashe iyayen ya kai su birni, wani ɗaki a bayan shagonsa. Dogo ya taɓa ganin ɗakin. Ba taga.

Wata malamar gona ta zo dubawa. Ta ce, "Baba, a ƙasar nan akwai ƙwayoyin bakteriya, ido ba ya ganinsu, suna cin mai. Ka zuba musu kashin kaji, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juya ƙasar su sha iska."

Ya ce, "Wato da tsufana kiwo zan koma?"

"Kiwo ne, Baba. Sai dai ba su kuka."

Haka ya yi ta yi. Kullum da fartanya, juya nan, juya can, ba shuka ba girbi, har ƙugunsa ya riƙe. Matarsa kan ce, "Maigida, garken naka sun ƙoshi?" Sai ya ci gaba da juyinsa.

Amma kusa da ƙofar baya, inda take shanya, warin man yana sa mata ciwon kai. Sai ya ɗebo jar ƙasa ya rufe wurin, ya daɓe shi sumul kamar tsakar ɗaki. A ganinsa gyara ya yi.

Da malamar ta dawo, can ƙarshen gona wari ya ragu, waken da aka shuka don gwaji ya ɗan leƙo. Ta tona daɓen, sai ga mai kwance kamar jiya ya zuba.

"Kai, Baba! Ka toshe musu numfashi."

Ɗan ya zo, ya daɗe tsaye a kan waken nan. Ya ce damina ɗaya kawai zai ƙara musu.

Jiya na tarar da Dogo yana fasa daɓen da ya yi da hannunsa, yana sara yana hutawa. Matar ta mayar da igiyar shanya ƙofar gaba.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya ce, "Yaya, miƙo min bokitin ruwan can."