Hoton Mama A Baranda

Ko duk abin da ke cikin kaina ya zube, har da sunan matata, ba zan manta ranar da Mama ta ce a ɗauke ta hoto da 'ya'yanta ba.

Mu huɗu ta haifa: Yaya, sai Anti, sai ni, sai Auta. A lokacin Yaya da Anti sun yi shekaru ba sa ga-maciji, tun da Yaya ya sare bishiyar fiyar da marigayi Baba ya dasa don ya gina shago. Gaba ce mai inganci. In Yaya ya shigo coci ta ƙofar dama, Anti sai ta hagu. In suna da saƙo ni ne mai kaiwa, har takalmina ya cinye tsakanin Bukuru da Anguwan Rukuba.

Mama ta fito daga asibiti, muka taru a gida don godiya. Ana gama cin abinci aka tsuge da ruwa, irin ruwan Jos mai ƙanƙara, wanda ko akuya ya samu a waje sai ta tuba. Ga kuma an ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu. Mama ta sa aka kai mata kujera ƙarshen baranda, ta ƙudundune cikin bargo, ta ce, "Ku jeru mini kamar yadda na haife ku. Ban san ko zan sake ganinku a wuri ɗaya ba."

Barandarmu kuwa siririya ce, ko kyanwa sai ta karkace take wucewa. Muka fito kowa ya manne da bango. Anti ta yi wuf ta tsaya kusa da Mama, Auta na biye da ita, sai ni da tumbina, Yaya kuma ya yi can ƙarshe yana kallon rufi.

'Yata ce ke riƙe da waya. Lissafi take karantawa a jami'a, kuma yarinyar nan ko tuwo ka ba ta sai ta yi masa bayani. Ta dube mu ta ce, "Baba, baibai huɗu ne a layin nan."

Na ce, "Rigata ce a baibai ko me?"

Ta ce a'a. A karatunsu, in abubuwa suka jeru ba bisa tsari ba, sai a ɗauke su biyu-biyu a duba. Duk inda ƙarami ya gabaci babba, baibai ɗaya ke nan. Auta ya gabace ni, ɗaya. Mu uku duk mun gabaci Yaya, uku. In kuwa mutum ba zai iya musanya wuri ba sai da na kusa da shi, to kowane musanye baibai ɗaya kacal yake gyarawa.

Nan take na gane inda za a ƙare. Na matsa na yi mata raɗa, "Ke, ba wata dabara a boko da za a tsallake na Yaya da Anti?"

Ta ce, "Babu, Baba. Ku yi ta zagaye har gobe, su biyun nan sai sun wuce juna da kansu."

Yaya ma ya gane. Ya tattare rigarsa zai sauka cikin ruwa ya zagayo. Mama ko murya ba ta ɗaga ba, ta ce, "Wanda ya taka ruwan nan ya wuce gida kawai."

Haka aka fara. Ni da Auta muka musanya, tumbina ya kusa tura shi kwata. Yaya ya wuce Auta. Ya zo kaina, na ja numfashi na shanye cikina har na hango kakannina, ya wuce. Saura ɗaya.

Ƙanƙara na ta dukan kwanon rufi. Yaya da Anti suka juyo suka fuskanci juna, don ba yadda za a wuce a wurin sai ƙirji da ƙirji. Anti ta ɗaga kai da niyyar harara, na san fuskar sarai. Sai hararar ta tsaya a hanya. Shekaru ke nan ba ta dube shi kusa haka ba.

Ta ce, "Yaya, me ya same ka? Ka rame."

Ya ce, "Suga ne. Tun bara."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

Ta kama hannun rigarsa ta jawo shi a hankali ta ajiye shi kusa da Mama, kuma ba ta saki ba. Ta shiga yi masa faɗa a kan shayi mai sukari, tana share ido da gefen mayafi, shi kuwa sai "to, to" yake cewa kamar ɗan firamare. Mama ta lumshe ido tana murmushi, 'yata ta ɗauki hoton. Ni kuma wani abu ya shiga mini ido, ina jin ƙanƙara ce.

Mama ba ta kai wata damunar ba, amma ta tafi ta bar su suna cin abinci a kwano ɗaya.

Abin da na koya ranar shi ne, duk yawan zirga-zirgar mai shiga tsakani, iyakarsa ya matsa gefe ya ba da hanya. Mutum biyun da abu ya karkace a tsakaninsu, su ne za su tsaya su dubi fuskar juna, ba mai yi musu.