Koci Haskett da Makiyayar Shanu

Lemuel Haskett ɗan manomin alkama ne daga yammacin Kansas. Ƙato ne tun yana saurayi, shi ya sa ranar da ya shiga kwalejin cocin garinsu aka ja shi filin ƙwallon zari-ruga tun kafin a nuna masa aji. A wancan zamani ba a sa hular kariya, suma kawai 'yan wasa ke tarawa ta tare musu kai. An sha kwashe shi a sume, a sheƙa masa bokitin ruwa, ya miƙe ya koma. A filin nan kunnensa na hagu ya mutu.

Da ya gama karatu kwalejin ta ɗauke shi koci, ya auri wata malamar firamare mai suna Adelia. Ƙungiyarsa ba ta yi wani suna ba, amma ɗalibai na shakkarsa, suna kuma sonsa. In ɗan wasa ya faɗi yana nishi, sai Lemuel ya tsaya a kansa ya ce, "Tashi, ɗan lele, uwarka ba ta nan."

Haka ya ce wa wani ɗan wasansa, Wendell Prouty, a kakar 1909, bayan 'yan wasa sun tashi daga kansa. Wendell bai tashi ba. Wuyansa ne ya karye, washegari ya cika. Mahaifinsa ya zo da keken doki ɗaukar gawa, Lemuel ya miƙa masa hannu, mutumin ya wuce shi kamar bai ga kowa ba.

Hukumar kwalejin ta soke wasan gaba ɗaya. Shugabanta, Rabaran Ostrander, bai kori Lemuel ba. Ya nuna masa wata makiyayar shanu a bayan coci, ya ce ya mayar da ita filin golf, wasan buga ƙaramar ƙwallo da sanda zuwa rami, ya riƙa koyarwa, don wannan wasan ba ya kashe kowa. Lemuel bai taɓa riƙe sandar ba. Shi ya haƙa ramukan da hannunsa, ya binne gwangwanayen tumatir a ciki. Ɗalibai na dariyar yadda yake dukan ƙwallo kamar mai faskare, ya daure har ya iya. Sama da shekara ashirin yana koyarwa, bai sake ɗaga wa ɗalibi murya ba.

Yana haura hamsin ciwon kai ya kama shi, sai mantuwa, sai zafin zuciya. Wata rana ya tara 'yan golf ɗinsa ya umarce su da su kwasa da gudu su kayar da juna. Suka tsaya suna kallonsa, shi ma ya tsaya yana kallon sandar da ke hannunsa. Kwalejin ta sallame shi.

Adelia ta yi ta jinyarsa a gida har ranar da ya mare ta a kan kofin shayi, shi da bai taɓa ko yi mata tsawa ba. Likita ya ce a kai shi asibitin masu taɓin hankali. Duk Lahadi tana hawa jirgin ƙasa ta kai masa gurasar masara. Zuwanta na ƙarshe ya karɓa cikin ladabi, ya ce, "Baiwar Allah, in kin ga matata ki ce ta zo ta ɗauke ni."

Ta ce za ta gaya mata.

Ya rasu cikin hunturun 1938. Ƙanƙara ta toshe hanya, tsofaffin ɗalibansa kaɗan ne suka samu zuwa jana'iza. Adelia ta sayar da gidan, ta koma Wichita wajen ƙanwarta.